Darasi na 14: Renon Kakakin Mala'ika da Ciyar da Shi a Ƙasar Zafi

Darussanmu da suka gabata duk sun tsaya ne a kan abin da ake shukawa don tukunya, kamar alayyafo da gauta da barkono, waɗanda maigida ko uwargida za su iya renonsu cikin tsohon bokiti a gindin bango, su rage kuɗin cefane. Yau kuwa za mu juya ga wani itace wanda ba a cin ganyensa, ba a cin furensa, ba a cin 'ya'yansa, hasali ma wanda ya ci ya jawo wa kansa halaka, amma duk da haka mutane a ƙasashe da yawa suna ɗawainiya da shi safe da yamma, saboda Allah Maɗaukakin Sarki ya yi masa baiwar kyau da ƙamshi irin wadda bai yi wa mafi yawan itatuwa ba. Sunan da Turawa suke kiransa da shi ma'anarsa ƙahon mala'ika. Mu a wannan darasi za mu ce masa kakakin mala'ika, domin duk wanda ya taɓa ganin kakakin da ake busa wa sarki ranar hawan salla, da siririn wuyansa da buɗaɗɗen bakinsa, zai gane furen nan da kallo ɗaya.

Wani zai ce, mene ne haɗin mutumin Nima ko Maamobi a nan birnin Accra, wanda tsakar gidansa siminti ne kuma ɗaki goma suke tarayya a famfo ɗaya, da itacen ado? Amsar ita ce, da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Zango suna cin abinci ne daga aikin lambu a gidajen Cantonments da East Legon, wasu kuma suna renon furanni a bakin titi suna sayarwa, kuma wanda ya iya rayar da itacen da ya gagari wasu, shi ake nema idan aiki ya samu. Ban da wannan, ido da hanci su ma suna da haƙƙi a kan mai su, kuma unguwar da hayaƙi da warin kwata suka yi wa yawa ta fi kowace buƙatar abin da zai sanyaya rai bayan magariba.

Asalinsa da danginsa

Wannan itace baƙo ne a ƙasarmu, kuma wanda bai fahimci baƙuncinsa ba ba zai fahimci sauran darasin ba. Mahaifarsa Kudancin Amurka ce, daga duwatsun Andes na ƙasashen Kolombiya da Ekwado da Peru har zuwa dazuzzukan kudu maso gabashin Brazil, inda ruwan sama yake da yawa, ƙasa take da danshi, dare kuma yake da sanyi. Masana ilmin tsirrai suna kiran jinsinsa Brugmansia, sunan da wani masani, Persoon, ya laƙaba masa a 1805 don girmama Brugmans, shehin malami a Leiden ta ƙasar Holan. Iri bakwai ne, kuma abin da zai sa mai hankali ya yi tsai da tunani shi ne, a 2014 ƙungiyar IUCN mai ƙididdige halittun da suke ƙarewa ta sanya dukkan bakwai ɗin cikin waɗanda ba a ƙara samunsu suna rayuwa da kansu a dajin asalinsu ba. Duk inda yake a duniya yau, hannun ɗan Adam ne ya kai shi, reshe daga reshe, maƙwabci daga maƙwabci.

Bahaushe bai san shi tun da ba, amma ya san ɗan'uwansa na kusa sarai, wato zakami, wanda wasu suke ce wa babba-jibji saboda yadda yake son tsirowa a kan juji, wasu kuma haukata-yaro saboda aikin da yake yi wa ƙwaƙwalwa. Likitocin Musulunci na da, irin su Ibn Sina, sun ambaci zakami da sunan jauz masil, kuma daga wannan kalma ta Larabci aka samo kalmar ƙarshe ta sunan da masana suke kiransa da shi har yau, Datura metel. Kusancin nan ya sa masana suka daɗe suna haɗa su a jinsi guda, sai a 1973 aka tabbatar da rabuwarsu. Bambancin kuwa a fili yake ga mai lura: zakami gajere ne, furensa yana kallon sama, ɗansa dunƙulalle mai ƙaya-ƙaya, kakakin mala'ika kuwa yana yin itace ya wuce tsayin mutum, furensa yana rataye yana kallon ƙasa, ɗansa idan ya yi ba shi da ƙaya. Dukkansu dangin gauta ne da tumatir da barkono da taba, kuma ku riƙe wannan zumunta, za ta dawo mana idan mun zo maganar cututtuka.

Cikin iri bakwai ɗin nan akwai na kan duwatsu masu tsananin sanyi, kamar mai jan fure da ake kira sanguinea, wanda ba ya ƙamshi kuma ba ya fure idan zafi ya yi yawa. Wanda ya sayi wannan a Ankara, wato Accra, ya yi asarar kuɗinsa komai ƙwarewarsa. Waɗanda suka dace da mu su ne na ƙasashen ɗumi, musamman suaveolens, mai farin fure wanda tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, kimanin santimita 30, da versicolor, wanda furensa yakan kai rabin mita, ya buɗe fari sa'an nan ya rine zuwa ruwan goro mai haske bayan kwana ɗaya ko biyu. Idan za ka karɓi reshe, ka karɓa daga itacen da ka gani da idonka yana fure a nan cikin gari, domin wannan ya riga ya ci jarrabawar zafinmu.

Zafi, inuwa da mazauni

Ankara tana bakin teku, ruwan samanta na shekara bai cika wuce milimita 800 ba, yana zuwa kashi biyu, babbar damina daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama a Oktoba da kewayenta. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana yakan kai digiri 32 ko 33, dare kuma ba ya sauka sosai, wanda shi ne ainihin abin da yake wahalar da wannan baƙo, domin a ƙasarsa da sanyin dare yake huce gajiyar rana. Wanda ya taɓa hawa dutsen Aburi, inda lambun gwamnati yake tun 1890, ya ji yadda iska take sauyawa tun mota ba ta gama hawa ba, alhali tsakaninsa da gari bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba. Irin wannan iska ce itacen yake marmari. Tun da ba za mu iya ɗauko Aburi mu kawo Nima ba, sai mu nemi lungun da ya fi kama da ita a cikin gida.

Littattafan da aka rubuta a Ingila da Jamus suna cewa a ajiye shi a rana sosai, kuma gaskiya suka faɗa game da ranarsu. Tamu ranar daban ce. Abin da ya dace a nan shi ne gindin bango ta fuskar gabas, ko ƙarƙashin itace mai inuwa marar duhu, inda hantsi zai same shi daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe goma ko sha ɗaya, sa'an nan inuwa ta rufe shi tun kafin azahar har la'asar sakaliya. A nisanta shi da jikin kwano da bangon yamma, waɗanda suke tara zafi da rana su yi ta fitar da shi har tsakar dare, a kuma kare shi daga iska mai ƙarfi, don ganyensa faffaɗa ne, yana yagewa kamar tsohuwar takarda. Inuwa idan ta yi yawa kuwa sai ya yi ta tsawo da ganye ba fure, saboda haka a nemi tsaka-tsaki.

Da yake mafi yawanmu ba mu da ƙasar da za mu haƙa, a cikin mazubi za mu dasa. Galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake ce wa galan ɗin Kufuor, idan aka yanke kansa, ya isa reno na watannin farko, amma babban itace yana son rabin duro, ko abin da zai ci lita 50 ko fiye, domin saiwarsa tana da haɗama. A huda gindin da huji masu yawa, a ɗora mazubin a kan bulo biyu don kada ya zauna a siminti mai zafi, a shafe shi da farin fenti ko a naɗe shi da tsohon buhun algarara. Wannan naɗi ba ado ba ne. Ka taɓa jikin baƙin duro da azahar a watan Maris, ka ji abin da tafin hannunka ya ji, ka san cewa saiwar da take manne da shi ta ciki haka take ji, ita kuwa ba ta da ikon janyewa.

Abin da za a ɗauko a Agbogbloshie da abin da za a bari

A nan wajibi ne mu tsaya mu yi bayani a tsanake, domin Agbogbloshie wuri ne da ya haɗa alheri da cuta ga mai lambu, kuma tazarar da take tsakaninsu ba ta wuce 'yan taku ba. A gefe guda akwai kasuwar doya da ta tumatir da kayan miya, inda kowace rana ake zubar da ɓawon doya da na ayaba da ruɓaɓɓen ganyen kabeji tuli-tuli, kusa kuma ga kasuwar katako inda garin katako yake a banza ko da 'yan kuɗi kaɗan. Duk wannan abincin ƙasa ne idan an san yadda za a sarrafa shi. A ɗaya gefen akwai filin da 'yan gwangwan suka yi shekaru suna fasa tsofaffin firji da talabijin da kwamfuta, suna ƙona waya don su fitar da tagulla, har a 2013 wata ƙungiyar Amurka mai suna Blacksmith Institute ta lissafa wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. Gwamnati ta rushe filin a ranar 1 ga Yuli, 2021, a lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku, amma rusau yana kawar da rumfa ne kawai, dalma da sauran ƙarafa masu guba suna nan cikin ƙasar, kuma ba sa ruɓewa.

Saboda haka hukuncin a taƙaice yake: kada a ɗebo ƙasa daga wannan fili, ko daga bakin kogin Odaw da tafkin Korle, komai baƙinta da kamarta da ƙasa mai taki, kuma kada a ɗebo tokar wurin. Mai yiwuwa wani ya ce ai ba cin itacen za a yi ba. Haka ne, amma ƙasar da ka kawo gida ta zama ta gida: yaro zai yi wasa da ita ya kai hannu baki, kaza za ta tona, iskar hunturu za ta ɗauke ta ta zuba a kwanon abinci, kuma dalma tana dakushe basirar yaro ba tare da an ga alama ba sai bayan shekaru. Haka kuma duron da aka zuba sinadari ko baƙin mai a cikinsa, a bar shi inda aka gan shi.

Haɗin ƙasar da na gwada na gamsu da shi shi ne kashi biyu na ƙasar gona mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi da garin gawayi a haɗe, don ruwa ya riƙa wucewa ba tare da ya kwanta ba. Takin kuwa ana yinsa ne da shara irin wadda muka ambata: a jera ɓawo da ganye, a bi da kashin dabbobi, a bi da ɗan garin katako, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu, bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina ɗumi, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Garin katako ɗanye kada a cuɗa shi cikin ƙasar mazubi, domin yayin da yake ruɓewa yana ƙwace abincin da itace yake buƙata. Wanda ba shi da wurin yin wannan, akwai takin da ake sarrafawa daga sharar gari a masana'antar Adjen Kotoku, ana sayar da shi a buhu.

Dashe

Ba a cika wahala da iri ba, reshe ake dasawa, kuma yana kamawa cikin sauƙi. Sai dai akwai sirri guda da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Itacen nan yana tashi ne sanda guda miƙaƙƙiya, ba ya fure ko ɗaya sai ya kai inda zai rabu biyu ya yi gwafa, daga gwafar nan zuwa sama ne furanni suke fitowa. Reshen da aka yanko daga saman gwafa ya riga ya balaga, yakan yi fure cikin 'yan watanni yana gajere. Wanda aka yanko daga ƙasa sai ya sake yin doguwar tafiyar nan tukuna, amma yakan ba da itace miƙaƙƙe mai kyan tsayi. A yanki reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon kamu ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gindinsa cikin ruwa kamar zurfin yatsa a inuwa, a riƙa sauya ruwan duk kwana biyu, don kada ya ruɓe kuma don kada mu yi wa sauro gida. Cikin mako biyu ko uku za a ga fararen ƙuraje sun fito a ɓawon, saiwa ke nan take shirin fita. A mayar da shi ƙasa a lokacin, kada a jira saiwar ta yi tsawo. Farkon damina ya fi dacewa da wannan aiki. Idan aka zo sassabe kuma, kada a yanke ƙasa da gwafa, in ba haka ba an mayar da hannun agogo baya da watanni.

Ruwa da ci

Yanzu mun zo ga zuciyar darasin. Itacen nan mashayi ne kuma maciyi, domin ganye mai faɗin tafin hannu biyu da fure mai tsawon kamu ba sa samuwa daga iska, kuma wanda yake cikin mazubi kamar ɗaurarren rago ne, ba ya da abin da zai ci sai abin da aka kawo masa. A lokacin bazara yana buƙatar ruwa kullum da sassafe, wani lokaci har da yamma, a zuba sosai sai ya ɗiga ta gindi. Amma kada kwanciyar ganye da tsakar rana ta ruɗe ka, domin yakan yi laushi saboda zafi alhali ƙasarsa a jiƙe take; ka tura yatsa har gaɓa biyu, idan ka ji danshi ka ƙyale shi, da la'asar zai miƙe da kansa. Ruwan da ya kwanta a gindi yana ruɓar da saiwa, kuma itace mai ruɓaɓɓiyar saiwa shi ma kwanciya yake yi kamar mai ƙishirwa, sai mai shi ya ƙara masa ruwa ya ƙarasa shi. Ruwan alwala da aka tara a kwano da ruwan wankin shinkafa suna da kyau ƙwarai, kuma amfani da su ya fi kusa da abin da malamai suka hore mu da shi na gudun israfi. Ruwan wanki mai omo da ruwan rijiya mai zartsi suna tara gishiri a ƙasa, a guje su. A lulluɓe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon kwakwa don rage ƙafewa.

Game da taki, ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma kada a taɓa ba shi a kan busasshiyar ƙasa. Dalilin kuwa shi ne, takin zamani gishiri ne a haƙiƙaninsa, kuma gishiri idan ya yi yawa a gefen saiwa yana janye ruwa daga cikinta maimakon ita ta sha. A ƙasar sanyi itace yakan jure wannan kuskure, amma a ƙasar zafi, inda ruwa yake ƙafewa cikin sa'o'i ya bar gishirin a baya, yini guda ya isa ya ƙone gefen ganye. A wani ɓangaren kuma, ban-ruwan da muke yi kullum yana wanke abincin ya fitar da shi ta gindin mazubi. To wanda ya zuba da yawa sau ɗaya ya haɗa asara biyu, ya ƙona saiwa a makon farko, ya bar ta da yunwa a na huɗu.

Takin da aka fi samu a shagunan kayan noma shi ne NPK 15-15-15, kuma lambobin nan ma'anarsu ita ce kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga abinci uku: naitirojin mai gina ganye, fosfaras mai ƙarfafa saiwa, da fotash mai taimakon fure da juriya. Ga itacen da ya kama sosai a cikin rabin duro, babban cokali ɗaya a shafe duk mako biyu ya wadatar. Ga na cikin galan, ƙaramin cokalin shayi. A fara ban-ruwa, a barbaɗa takin a kewayen bakin mazubi nesa da jikin itacen, a sake bin sa da ruwa, kuma a yi haka da yamma. A tsakiyar bazara, lokacin da itacen yake fama da kansa, a rage wannan awo da rabi, a mayar da shi cikakke idan damina ta sauka. Sabon dashe kada a ba shi takin zamani sai ya yi wata guda ya fitar da sabon toho. Yuriya tana da ƙarfi ainun, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, tana sa ganye ya yi kore shar ya hana fure, ba na ba sabon ɗalibi shawarar taɓa ta. Sau ɗaya a wata kuma a kwarara ruwa mai yawa ya wuce ta gindi, don ya wanke gishirin da ya taru.

Takin dabbobi shi ne ginshiƙi, na zamani ƙari ne a kansa. Malaman noma na Andalus, irin su Ibn al-Awwam na birnin Ishbiliya wanda ya rubuta Kitab al-Filaha a ƙarni na 12, sun ware babi guda don taki, suka rarrabe mai zafi da mai sanyi, suka sa kashin tantabara a sahun gaba wajen ƙarfi, kuma abin da suka lura da shi bai canja ba. Kashin kaji da na tantabara masu zafi ne, na shanu da tumaki masu sauƙi. Nima kanta, kafin ta cika da gidaje, makiyayar shanu ce da Malam Amadu Futa ya samu a farkon shekarun 1930. Yau mai neman kashin shanu sai ya nufi kasuwar Tulaku ta wajen Ashaiman, ko ya roƙi maƙwabcinsa mai kiwon ragunan layya. Ni kaina na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji a gindin wani itace da na yi wata biyar ina reno, ina ganin gata na yi masa, kwana uku ba su cika ba ganyensa ya ƙone daga gefe ya zube, ƙullin fure goma sha ɗaya da na ƙirga suka faɗi a ƙasa ba wanda ya buɗe. Tun daga ranar ba na kusantar da kashin kaji ga shuka sai ya yi wata uku a tare yana ruɓewa. Akwai kuma dabarar jiƙo: a ɗaure ruɓaɓɓen kashin shanu a tsumma, a tsoma a bokitin ruwa mako guda a rufe, a sirka har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, a ba itacen a makon da ba a sa takin zamani ba. Tokar murhu ta itace zalla tana da fotash, amma tafin hannu guda a wata biyu ya isa.

Itace ba ya magana, ganyensa ne harshensa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka yi rawaya gaba ɗaya suna zubewa da yawa, yunwar naitirojin ce. Idan tsohon ganye ya yi rawaya tsakanin jijiyoyi su kuwa jijiyoyin suna kore, ya rasa magniziyam, sai a narka babban cokali na gishirin Epsom da ake samu a kemis cikin lita huɗu na ruwa a ba shi. Idan sabon toho ne ya fito fari-fari, mafi yawa toka ce ta yi yawa ta hana shi shan sinadarin ƙarfe. Idan kuwa ƙullin fure yana faɗuwa a watan Maris alhali ganye lafiya lau, wannan zafi ne, ba taki yake nema ba, haƙuri yake nema. Lokacinsa yana zuwa daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da garin ya yi sanyi, kuma yana fure ne zubi-zubi, ya cika ya huta 'yan makonni ya sake.

Wanda ya kai wannan lokaci ya zauna kusa da itacen bayan sallar magariba. Furen da ya yini a rataye kamar naɗaɗɗiyar laima zai ga bakinsa yana warwarewa a hankali, leɓɓansa biyar suna lanƙwashewa baya, farinsa yana haske cikin duhu, sa'an nan ƙamshi ya sauko ya cika tsakar gida har ya haura katanga, domin da dare ne yake kiran manyan faɗa-wuta masu dogon baki da suke ɗaukar masa garin haihuwa daga fure zuwa fure.

Ƙwari kuwa, mafi sharrinsu a lokacin hunturu wani jan gizo-gizo ne ƙanƙane kamar ƙura, yana zama a bayan ganye yana tsotsa har ganyen ya yi ɗigo-ɗigo. Ana rage shi da fesa ruwa a bayan ganyen da safe. Shi da farin ƙuda da tsutsa duk suna jin ruwan dalbejiya: cikin ƙaramin gwangwanin madara na dakakken iri a lita biyu na ruwa, ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Saboda zumuntar da muka ambata, cututtukan tumatir da taba suna kama shi, don haka kada a yi amfani da ƙasar da tumatir ya mutu a cikinta, kuma itacen da ganyensa ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, a tuge shi kada a rabar da reshensa.

Amanar da take wuyan mai shi

Duk abin da ya gabata ba shi da amfani idan aka yi sakaci da wannan. Kowane sashe na itacen nan guba ne, ganye da fure da iri da saiwa, irin gubar zakami, wato sinadaran atropin da hiyosin, waɗanda likitoci suke aiki da su da ma'auni mai tsanani, amma a cikin ganye ba wanda ya san adadinsu, ganye biyu na itace guda ma sukan bambanta. Wanda ya ci, bakinsa zai bushe, baƙin idonsa ya buɗe, jikinsa ya yi zafi ba gumi, zuciya ta yi ta bugawa, fitsari ya tsaya, ya shiga sambatu yana kama abin da babu, kuma yana iya kaiwa ga mutuwa. Da yake alamun nan suna kama da taɓin iska, sau da yawa akan ɓata lokaci wajen neman mai ruƙiya. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, ko na Maamobi ko Ridge ko Korle Bu, ko a kira 112, a tafi da yankin itacen don likita ya gani; kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai.

Mai sassabe ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci, domin ruwan itacen idan ya shiga ido yakan buɗe baƙinsa ya dusashe gani na kwanaki. Abin da aka sassabe a binne shi, kada a ƙona don hayaƙin ma yana da illa, kada a jefa a lungu inda akuya za ta ci. A kuma tuna cewa a ƙasar Hausa an sha ganin samari suna zuba zakami cikin abin sha a wurin biki don neman maye, wasu ba su dawo cikin hankalinsu da wuri ba, wasu ba su tashi ba. Unguwanninmu da suka riga suka sha wahalar tramadol ba sa buƙatar sabuwar ƙofa. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa kawar da cuta shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, kuma a nan take aiki sosai. Gidan haya mai yara ƙanana da yawa, ko wanda ƙofarsa take buɗe ga kowa, bai dace da wannan itace ba, kuma ba na ganin halaccin mutum ya ajiye shi a tsakar gidan tarayya ba tare da ya sanar da maƙwabtansa abin da yake ba. Mai irin wannan gida ya dasa yasmin, wanda yake son zafi, yake ƙamshi da dare, ko ɗoɗɗoya. Mai sayarwa a bakin titi kuma ya gaya wa kowane mai saye gaskiya kafin ya karɓi kuɗi.

Aikin wannan mako shi ne, kowane ɗalibi ya lura da gidansa yini guda, ya rubuta a littafinsa wane lungu ne rana take bari kafin azahar, da ƙarfe nawa, sa'an nan ya rubuta adadin yara da dabbobin da suke iya kaiwa wurin. Ku zo da wannan rubutu mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da galan ɗin da aka yanke aka huda. Wanda lissafinsa ya nuna wurin a tsare yake zai karɓi reshen kakakin mala'ika, sauran kuma akwai reshen yasmin da zai ishi kowa.